Matar da Ake Turowa In An Soke Jirgi

Kafin a buɗe ƙofar ɗakin fasinjoji take isowa. Takan rataye jakarta a ƙusar da ke bayan kanta, ta cire takalmin fita ta saka wani shimfiɗaɗɗe da ya sha duniya, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfutar nan tasu da sai an yi mata magiya take tashi. Kafin kwamfutar ta gama shawara da kanta, ita ta zaga baya wurin masu lodin kaya da makanikai. Ta tambaye su lafiyar iyali, sannan ta tambaye su lafiyar jirgi. In suka amsa ta farko da fara'a, ta biyu kuma suka fara sosa ƙeya, to ta san irin ranar da ta wayi gari da ita.

Uwar Layi muke kiran ta. Ban san wanda ya raɗa mata ba, amma har manajojin da ake canzawa kamar riga da shi suke kiran ta. Makon jiya ta ajiye aiki, bayan shekarun da gashin kaina ya shaida, don ina da shi lokacin da na fara ganin ta.

Ni mai gyaran tandar gidajen burodi ne. In tanda ta mutu a wani gari ni ake kira, kuma masu burodi ba su taɓa jin labarin akwai jirgi mai tsada ba. Saboda haka kamfanin nan mai araha ya zama gidana na biyu. Kun san irinsa. Tikiti kamar kyauta, amma akwati da kuɗinsa, kujerar taga da kuɗinta, ruwan sha da kuɗinsa. Ina kyautata zaton ana nan ana nazarin yadda za a auna iskar da muke shaƙa. Kujerun kuwa an yi su ne don mutanen da ba su da gwiwa, balle mai tumbi irin nawa. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke tsufar da mutum shi ne ranar da jirgin bai zo ba. Allo ya ce jinkiri. An jima ya sake cewa jinkiri. Ka kira lambar kamfani, wata murya mai daɗi ta ce kiranka yana da muhimmanci, ta sa maka kiɗa. Na haddace kiɗan nan har matata ta kama ni ina yin sa a banɗaki. Daga nan sai ka duba kanta ka ga babu kowa, ma'aikatan duk sun tuna suna da aiki a ofishin baya.

A irin wannan lokacin ake turo ta. Ko in ce take turo kanta.

Ba ta magana ta lasifika, ba ta kuma tsayawa a bayan kanta. Akwai wata kujerar roba da take ajiyewa kusa da sikeli. Sai ta ɗauko ta, ta ratsa tsakiyar mutanen da ke huci, ta dasa ta, ta zauna, ta gyara zani. Na daɗe ina nazarin wannan dabara. Yi wa mutumin da ke bayan gilashi ihu abu ne mai daɗi, na gwada, yana rage hawan jini. Amma ka tsaya a kan dattijuwar da ke zaune kana zazzaga mata masifa, ba ka kai ko'ina za ka ji kamar uwarka tana kallon ka. Dole ka rage murya don ka ji abin da take faɗa, dole ka sunkuya, kuma mai sunkuye ba ya iya tsawa.

Abu na farko da take faɗa shi ne gaskiya. "Jama'a, jirgin nan ba zai tashi yau ba. Kada allon can ya ruɗe ku, shi ma ba a gaya masa ba tukuna." Wani manaja da aka taɓa kawowa ya ja mata kunne a kan haka, ya ce ba a furta an soke sai umarni ya zo daga sama. Mai tura keken marasa lafiya yana wurin, shi ya ba ni labari. Ta ce wa manajan, "Ranka ya daɗe, in na gaya musu da hantsi, mai iya bin mota zai samu mota, mai komawa gida zai tarar da abinci da zafi. In na bari sai magariba, me zan ba su? Haƙuri? Ai sun zo da nasu daga gida, mu muka cinye." Manajan ya daɗe da tafiya. Kujerar tana nan.

Mai shara kuma ta ce ta ga ranar da wani ya jefi Uwar Layi da gorar ruwa. Gorar ta faɗi kusa da ƙafarta. Ta ɗauka, ta duba ta ga da saura, ta miƙa masa. "Sha, ɗana, maƙogwaronka ya bushe. Sauran faɗan ba inda za shi, yana jiran ka." Mutumin ya karɓa ya sha. Da me zai ci gaba?

Kada ku ɗauka waliyyiya nake kwatanta muku. A kan sikeli ba ta san uban kowa ba. Ranar da akwatina ya wuce nauyi na yi mata duk daɗin bakin da na gada, na kira ta Yaya, na tambayi jikoki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta nuna mini banɗaki. Da riguna uku a jikina na shiga jirgi ran nan, ina zufa kamar an saka ni a tandar da zan je gyarawa.

In an soke jirgi, yawanci akan samu 'yan kujeru a na gaba. A wasu wuraren mai ƙarfin murya ke samu, ko mai ƙarfin aljihu, ko wanda ya san wani. Ita kuwa daga kan kujerarta take tambaya: "Wa ke da abin da ba zai kwana ba?" Kowa ya faɗi nasa a gaban kowa. Takan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Abin mamaki, mutanen da suke neman cinye juna sai su fara jin kunyar juna. Wanda zai je taro ya ji mai zuwa jana'iza, sai ya ja baya da kansa. Ita ba ta yanke hukunci, jama'a ke yi, ita dai ta buga a kwamfuta.

Ranar da nake son ba ku labarinta, jirgin safe aka soke, na yamma kuma yana da kujeru uku. Biyu ba a yi gardama a kansu ba: wani tsoho ne da za a yi wa aikin ido washegari, da 'yarsa da ke riƙe da hannunsa. Saura ɗaya. Wani mai kwat ya ce yana da ganawa da manyan mutane. Wata mata daga baya ta ce, "Manyan mutane ai ba sa zuwa da wuri, Alhaji, ko jibi ka je za ka riga su." Aka yi dariya, ya koma ya zauna. Sai na miƙe. Ban taɓa sanin ina da baiwar jawabi ba sai ran nan. Na ce tanda ta mutu, kuma ba ƙaramar tanda ba, wadda ke ciyar da asibiti da makarantu. Na kawo marasa lafiya, na kawo 'yan makaranta, da an bar ni da na kawo marayu. Gaskiya ce fa, na dai shafa mata mai. Jama'a suka ce a ba Mai Tanda. Na karɓi takardar shiga jirgi na soka a aljihun gaba, na zauna ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Ga abin da ban sani ba a lokacin, na kuma sani yanzu. Can jikin ginshiƙi akwai wata yarinyar mace, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ta rungume jakar hannu a ƙirji. Jarrabawar aikin jinya ta zo rubutawa jiya, da niyyar komawa a jiyan. Ta bar jaririnta ɗan wata huɗu a hannun yayarta. Jirgin jiya aka ɗage su zuwa safe, na safe kuma ga abin da ya faru. Yaron ya ƙi kwalba, ya ƙi cokali, an yi dabara duk ta ƙare. Tun jiya ba abin da ya shiga cikinsa sai ɗan ruwan da aka ɗiga masa. Duk kiran da yayar ta yi, kukansa take ji a bayan murya, kuma kukan yana ƙara dishewa. Mota ba za ta kai ta ba sai gobe. Ita kanta nono ya cika ya jiƙa mata gaban riga, abin da jakar ke rufewa ke nan. Ta yaya za ta miƙe a gaban maza cike da ɗaki ta faɗi wannan? Ni kuwa ina can ina zuba jawabi a kan burodi.

Uwar Layi tana da wata ɗabi'a da ban lura da ita ba sai ran nan. In an gama rabo ba ta tashi nan da nan. Takan cire tabarau ta bi ɗakin da kallo, kusurwa kusurwa. Daga baya na tambaye ta me take nema. Ta ce, "Wanda ya yi magana ai na ji shi. Wanda bai yi ba nake nema."

Na ga ta tashi ta nufi ginshiƙin. Na ga ta sunkuya, ta cire mayafinta ta yafa wa yarinyar, ta ja ta suka shiga ofishin baya. Ban kawo komai a raina ba, ina lissafin ƙusoshin da zan kwance. Can sai ga ta a kaina.

"Mai Tanda, taso."

"Yaya, in dai akwati ne, wallahi yau ko safa ban ƙara ba."

"Ba akwati ba ne. Kujerarka nake so."

Na dafe aljihu. "Wace kujera? Wadda jama'a suka ba ni? A gabanki fa aka yi."

"A gabana aka yi. Akwai wanda ya fi masu burodinka yunwa."

"Wane ne?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ikon Allah. Ba ke kike cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya ba?"

"Ni na faɗa. Amma ba kowane wanka ake yi a tsakar kasuwa ba, ƙanena." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ba dole. Hakkinka ne. In ka ce a'a, ka shiga jirginka, gobe in ka dawo mu gaisa kamar kullum."

Da ta matsa mini da na samu abin riƙewa. Na gwada ciniki, tunda ni ɗan kasuwa ne ko ba komai. "To in na bayar, gobe da safe kina da wuri?"

"Ban sani ba. Mai yiwuwa sai yamma. Ba zan ce maka akwai ba alhali ban gani ba."

Wannan ce ta kashe ni. Duk shekarun nan matar nan ba ta taɓa ce mini jirgi zai tashi ya ƙi tashi ba, ba ta taɓa ce mini an jima alhali ta san gobe ne ba. Yau ga ta tana neman abu a wurina, kuma ko ƙaryar da za ta sauƙaƙa mini bayarwa ta ƙi yi. In ta ce akwai mai yunwa, akwai shi. Na ciro takardar. Ina so in ce da zuciya ɗaya na miƙa, amma sai da ta ɗan ja kafin yatsuna su sake.

Ashe da sauran rina a kaba. An riga an rufe sunayen jirgin yamma, canza suna sai manaja ya sa hannu. Manajan lokacin wani matashi ne sabon zuwa, mai ladabi, mai tsoron hedikwata kamar mutuwarsa. Ina tsaye kusa da kanta ina jimamin kaina, na ji su.

"Mama, kwamfuta dalili take so. Rashin lafiya ko rasuwa. Ba ta san na roƙe ka ba."

"Ba rasuwa, Allah ya kiyaye. Kuma ba zan ce ka rubuta abin da babu ba."

"To me zan rubuta? In suka bincika ni za su kama."

Ta dubi layin mazan da suka kasa kunne, ni a gaba. Ta yafito shi da hannu. Ya sunkuyo, ta yi masa raɗa. Na ga yaron nan ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa, ya gyara wuyan riga. Daga baya na ji ashe matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Ya ja kwamfutar gabansa ya yi ta bugawa, sannan ya ce, "Da lambata na shigar, Mama. In sun tambaya, ni na yi." Da aka kira jirgi, shi da kansa ya ɗauki jakar yarinyar har bakin ƙofa. Ta wuce ta gabana a lulluɓe da mayafin Uwar Layi, ba ta san ni ba, ban san ta ba.

Na kira mai gidan burodi. Abin da ya faɗa mini ba zai bugu a takarda ba. Na koma gida, matata ta buɗe ƙofa ta ce, "Har ka dawo? Kai, jiragen zamani akwai sauri." Sai washegari da yamma na tafi. Asibiti bai rufe ba, 'yan makaranta ba su mutu ba, mai gidan burodin a wurin maƙwabcinsa ya sari burodi ya kai musu, abin da ya fi mutuwar tandar yi masa ciwo. Har yau ni yake kira, don ba wanda ya san halin tsohuwar tandar nan sai ni.

Na sha tambayar Uwar Layi wane ne mai yunwar. Kullum amsarta ɗaya: "Ɗora akwatinka a sikeli."

Sai makon jiya, a ɗan taron sallamar da abokan aikinta suka haɗa a ofishin baya. An gayyaci wasu cikinmu tsofaffin fasinjoji, waɗanda wahala ta mai da mu dangi. Ana cikin shan lemo wata ma'aikaciyar jinya ta miƙe, da yaro yana riƙe da gefen rigarta. Ta ce ran nan kunya ta hana ta magana a gaban maza, yau kuwa aikin asibiti ya wanke mata ido, za ta faɗa. Ta faɗi duk abin da na gaya muku, ita ce ma ta ce in rubuta. Ta ce da ta sauka, yayarta na tsaye a bakin ƙofar fita da yaron a kafaɗa, ya yi laushi, kukan ma ba ya fita. Ba ta nemi ɗaki ba. A kan bencin da ke wurin ta zauna, ta ja mayafin nan ta rufa. Ya kama, yana sha yana harararta, yana sha yana ajiyar zuciya, har barci ya kwashe shi. Likitan da ya duba shi ya ce da an ƙara kwana da sai an kwantar da shi an sa masa ruwa.

Aka nuna mata ni. Ta turo yaron ya gaishe ni. Na ce, "Kai ne ka cinye mini kujera?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙa hannu ya karɓe biskit ɗin da ke hannuna, ya koma bayan uwarsa. Hali dai bai canza ba.

Uwar Layi, Yayata, ke ce fuskar da kamfani ke turowa in ya ji kunya. Ba ke kike sayen jirage ba, ba ke kike gyara su ba, ba ke kike soke su ba, amma ke kika sha zagin duka, kika kuma tashi washegari kika gaishe mu da sunayen da kika raɗa mana. Ba ki taɓa tayar da jirgin da ya ƙi tashi ba. Abin da kika yi shi ne kika hana mu zama dabbobi a ɗakin jira. Garkuwar mai kunya, mai jin maganar da ba a faɗa ba.

An ce yanzu manhajar waya za ta riƙa yin rabon kujeru. Madalla, ba na faɗa da zamani, ni da ko lambar sirrina ba na iya riƙewa. Amma hankalina ya ɗan kwanta, don yarinyar da kika koya wa aiki na gan ta shekaranjiya ta fito daga bayan kanta ta shiga cikin mutane, ta faɗi gaskiya. Matashin manajan nan ma an ƙara masa girma, ba a kore shi ba.

Na gode, Yaya, a madadina da duk wanda ya taɓa kwana da takardar jirgi a aljihu. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa jikoki su gaji da ke kafin ki gaji da su. Ku kuma da ke bayan kanta, a filin jirgi ne ko banki ko asibiti, ba sai kun iya gyara abin da ya lalace ba. Ku fito, ku faɗi gaskiya da wuri. In masu baki irina sun gama jawabi, kada ku yi saurin tashi. Ku duba jikin ginshiƙi, akwai wadda ɗanta bai ci komai ba tun jiya.